Tabar Manya

Akwatin yana cikin firigo, tsakanin robar ruwa da rabin kankana. Da Alhaji Is'haƙa ya ciro shi ya ɗora a kan tebur, sai Tukur ya ji kamar ya ga an ɗaure doki a rana an manta da shi.

"Kwana nawa ya yi a ciki, Alhaji?"

"Sati biyu. Na ce kada zafin Dogon Dutsi ya lalata su."

Tukur ya goge hannuwansa a jikin riga, ya ɗaga murfin a hankali. Sigar ce a jere, babbar tabar nan ta manya da ake naɗewa da ganye zalla, kowace da ɗan zobe ja mai ruwan zinariya a wuyanta. Gurbin guda ɗaya fanko ne. Ya ɗauki ta sama, ya matsa ta kaɗan tsakanin yatsu biyu, ya kai ta kusa da kunne ya murza. Ta yi ƙas-ƙas kamar busasshen karan dawa.

"Sanyin firigo yana shanye ruwan jikinta," ya ce. "Kuma tana ɗaukar warin abinci. Wadda babu fa?"

Alhaji ya dubi ƙofa, ya ga ba kowa, sannan ya rage murya. Ya ce da haƙori ya gutsure kanta, ya kunna da birike, ya ja hayaƙin har cikin ƙirji kamar sigari. Bai kai rabi ba ɗakin ya fara juya masa, ya yi amai a gaban direbansa. Akwatin kyauta ne daga Mushe Célestin, kamar yadda masu jin Faransanci ke kiransa, ɗan garin nan da ya girma a bayan coci, ya shekara talatin a Turai, yanzu kuma shi ne wakilin wata ƙungiya da ke ba asibitoci injuna. Ranar Alhamis zai zo ya ga kilinik ɗin da Alhaji yake ginawa a hanyar Tibiri, kuma ya rubuto cewa in sun gama magana za su sha tare.

"In ya ga ban iya ba, baƙauye zai ɗauke ni. An ce mini kai ka san kanta."

Shekara ashirin da ɗaya Tukur ya yi a gidan wani Bature injiniyan rijiyoyi a Yamai. Shara, guga, kai abinci tebur, duk ya yi, amma abin da ya sa Baturen ya riƙe shi har furfura ta fito masa shi ne akwatin sigar. Da mutumin ya ajiye aiki ya koma ƙasarsu, Tukur ya dawo gida da katifa biyu da rediyo, da wani sani da ba wanda ya taɓa tambayarsa a kansa cikin shekara huɗu. Yanzu 'yar rumfa gare shi kusa da tasha, yana sayar da goro da alewa da ashana. Tare suka yi kiwon awaki da Is'haƙa a gindin dutse suna yara. Is'haƙa ya kama fataucin wake, daga nan ya sayi manyan motoci, ya koma Yamai da zama. Yanzu Tukur yana ce masa Alhaji, shi kuwa gatsal yake kiran sunansa.

"Kwana huɗu ba su isa su farfaɗo duka ba," Tukur ya ce. "Amma na ƙasa ba su mutu ba. A aika wurin makaniki a sayo ruwan batir, wanda ba a taɓa buɗewa ba, da sabon soso."

Da ya koma gida da yamma ya tarar da matarsa Zalihatu tana tankaɗe, autarsu Hindatu kuma tana tsinkar zogale a bakin ɗaki. Hindatu ta gama karatun ungozoma shekara biyu da rabi ke nan. Ta kai takardunta duk inda aka ce ana ɗauka, har Doso ta je sau biyu, kowa ya ce ta saurara. Matan unguwa kan aiko a kira ta in naƙuda ta tashi, ta raka su asibiti, ta tsaya a waje tare da dangi don ba ta da rigar shiga.

Zalihatu ta ajiye rariya tun kafin ya gama ba da labari.

"Malam, Allah ne ya kawo wannan. Mutumin da ke gina kilinik ne ya neme ka da kansa. Ka tafi masa da takardar yarinyar nan."

"Ba a shiga gidan mutum ranar farko da roƙo."

"To ka shiga da shi rana ta biyu."

Da safe ya tarar da ambulan a aljihun rigarsa, kwafin diflom ɗin Hindatu a ciki, an ninke shi sau ɗaya tak.

Kwana uku suka yi suna karatu a falon Alhaji, bayan azahar, an rufe ƙofa. Tukur ya jiƙa soson da ruwan batir, ya matse shi sosai, ya sa a murfin kwalba a kusurwar akwatin yadda ba zai taɓa ganye ba. Ya zaɓi guda uku daga waɗanda suka fi bushewa don koyo. A ƙasan akwatin ya sami ɗan abin yankan da Célestin ya haɗo da shi, wanda Alhaji ya zaci mabuɗin kwalba ne.

"Hular kanta kawai ake cirewa, Alhaji, kaurin farce. In ka zarce, naɗin zai warware a bakinka. Kuma sau ɗaya ake datsewa, da ƙarfi. Mai jinkiri shi ke yaga ganye."

Alhaji ya datse rabin inci. Ganyen ya buɗe kamar bakin buhu.

"Ba komai. Ga wata."

Ya hana shi birike, ya ce warin mai yana shiga cikin tabar ya zauna. Ya kawo doguwar ashana daga rumfarsa, ya nuna masa yadda ake ƙyastawa a jira kan ya cinye tukuna, sannan a riƙe gindin sigar sama da harshen wutar, ba tare da sun taɓa juna ba, ana juya ta har bakin ya yi baƙi ko'ina daidai. Sai a sa a baki a ja a hankali.

"Kada ka haɗiye. A baki hayaƙin yake tsayawa. Ka riƙe shi kamar ka kurɓi shayi mai zafi, ka bar shi ya fita da kansa. Sannan ka ajiye hannu, ka yi magana, ka saurari mutane. Ja ɗaya a minti ya isa. In ka matsa mata za ta yi zafi, ta yi ɗaci."

Alhaji mutum ne mai gaggawa, wayoyinsa biyu ba sa hutawa. Ya riƙa ja kamar mai hura wutar ƙira, yana karkaɗe toka a kai a kai, Tukur yana tare hannunsa.

"Tokar ita ke sanyaya wutar. Ka bar ta ta yi tsawon gaɓar yatsa, in ta gaji za ta faɗi da kanta. Zoben ma kada ka ɓare shi da wuri, sai tabar ta ɗumama, in ba haka ba zai tafi da ganye. In ka kai kashi biyu cikin uku, ka kwantar da ita a faranti ta mutu da kanta. Ba a murƙushe ta."

A rana ta uku Alhaji ya zauna ya miƙe ƙafa, ya yi rabin sa'a da guda ɗaya bai yi tari ba. Ya kalli hayaƙin yana hawa, ya yi murmushi.

"Ni dai ɗaci nake ji da ɗan ƙamshi. In ya tambaye ni, mi zan ce?"

"Ka ce farkonta akwai ƙamshin katako da ɗan yaji kamar masoro. Tsakiya ta koma kamar gasasshen kofi. Ƙarshe ta yi nauyi."

"Kai haka kake ji?"

"Ban taɓa sha ba, Alhaji."

Alhaji ya cire tabar daga baki. "Shekara ashirin?"

"Da ɗaya. Abin da nake ji suna faɗa ne ina tsaye."

Alhaji ya yi dariya har da buga cinya, ya sa shi ya maimaita maganar masoro da kofi sau uku har ya haddace. Ambulan tana aljihun Tukur duk kwanakin nan. Sau biyu hannunsa ya kai kanta, sau biyu waya ta yi ƙara.

Ranar Alhamis ya zo da niyyar duba akwatin ya koma rumfarsa. Sai ya tarar an rataye wata farar riga mai maɓallan ƙarfe a ƙofar kicin, irin ta masu aikin otal.

"Kai za ka kawo akwatin bayan an ci abinci," Alhaji ya ce yana gyara hula a madubi. "Ya fi tsari."

Rigar ta matse shi a kafaɗa. Ya sa ambulan a aljihun cikinta.

Baƙi biyar ne. Mushe Célestin dogo ne, kansa fari fat, Hausarsa ta Arewa tana nan amma sai ya ɗan tsaya ya nemo kalma. Sun dawo daga ganin ginin, sun ci shinkafa da zabi, fuskar kowa a sake. Tukur ya shigo da akwatin, ya buɗe a gaban babban baƙo. Célestin ya ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda Tukur ya jera a sama, ya matsa, ya shinshina, ya ɗaga gira.

"A wannan zafin? An kula da su."

Ya miƙa wa Tukur ya yanka masa. Ya bi hannun da ido, yadda ya datse sau ɗaya, yadda ya jira kan ashana ya cinye, yadda ya juya gindin tabar a saman wuta.

"Malam, ina ka koyi wannan?"

Tukur ya buɗe baki, amma Alhaji ya riga shi.

"Yarona ne. Na sha wahala kafin hannunsa ya faɗa. Ka san mi ya yi da akwatin nan ranar da ya iso? Firigo ya sa mini shi, kusa da kankana!"

Falon ya ɗauki dariya. Wani mai ƙaton agogo har da share hawaye. Ashanar tana ci a hannun Tukur, wutar ta kai yatsansa, bai yarfe ba sai da tabar baƙon ta kama daidai.

"Haka aka yi, Tukur, ko ba haka ba?"

"Haka ne, ranka ya daɗe."

Célestin bai yi dariya sosai ba. Ya ɗan daɗe yana kallon Tukur, ya kalli Alhaji, sannan ya jingina da kujera ya saki hayaƙi sama. Bai sake tambaya ba.

Tukur ya koma jikin bango ya tsaya, hannuwa a baya. Ƙafafunsa sun gane wurin tun kafin ya yi tunani. Daga nan ya ji Alhaji yana gaya wa mai agogo kada ya haɗiye, ya riƙe kamar ya kurɓi shayi mai zafi. Ya ji shi yana hana wani karkaɗe toka. Ya ji masoro, ya ji gasasshen kofi, Célestin yana gyaɗa kai. Kafin tokar farko ta faɗi an gama maganar injuna: na duba ciki, na awon jini, da gadajen haihuwa shida, duk za su iso kafin damina.

Da la'asar motoci suka fita. Alhaji ya dawo falo yana tafiya kamar ƙasa ba ta isa ta ɗauke shi ba, ya dafa kafaɗar Tukur da ke kwashe farantan toka.

"Ka ga yadda munka yi da su? Maganar firigo kada ka sa a rai, raha ce."

Tukur ya ajiye farantan, ya goge hannu, ya ciro ambulan. Ya miƙa da ɗan rusunawa.

"Ɗiyata ce, Alhaji, Hindatu. Ungozoma ta karanta. Na ji an ce gadajen haihuwa shida."

Alhaji ya buɗe takardar, ya nisanta ta da ido, ya karanta har ƙasa.

"Ma sha Allah. Ai ka yi ƙoƙari, Tukur." Ya ninke ta sau biyu. "Sai dai kilinik ya cika. Gurbi uku ne, kuma tun ana haƙa tushe na yi wa mutane alkawari. Mutanen da ba na iya kallon idonsu in ce a'a."

"Ko ta riƙa taimakawa ne, har a ga hannunta."

"A'a, bari ka ji abin da ya fi." Alhaji ya zauna, ya jawo akwatin gabansa ya shafa murfin. "Célestin ya ce zai riƙa aiko mini da irin wannan. Kuma ka ga yadda manya ke sakin jiki in an kunna ta. Ina son mai kula da ita a gidana na Yamai, mai tsabta, mai jin Faransanci, da zai iya tsayawa gaban baƙi. Kai ka tsufa, ɗazu na ga har ka ƙona yatsa. Ka koya wa yarinyar abin da ka sani, sati biyu ya ishe ta tunda mai ilimi ce. Ga ɗaki, ga abinci, Hajiya na nan, ba abin da zai same ta."

"Ungozoma ce, Alhaji."

"To mi? Hannun da ya iya karɓar jariri ai zai iya riƙe taba." Waya ta yi ƙara, ya duba, ya ɗaga. "Ku yi shawara. Direba zai koma Yamai ranar ashirin ga wata."

Tukur ya shiga kicin ya cire farar rigar. Ya kama kansa yana ninke ta yadda ake ninke ta, hannuwa a ciki, maɓallai a sama. Ya bar ta a kan buhun shinkafa ya fita ta ƙofar baya.

Masu kabu-kabu sun yi ta yi masa hon a bakin kwalta, bai tsaya ba. Da ƙafa ya ratsa kasuwa, ya wuce rumfarsa a rufe. A hanya ya shirya abin da zai faɗa: babu gurbi, shi ke nan, Allah ya kawo wani. Amma da ya yi sallama Zalihatu ta ɗago ta dube shi, ta ce, "Faɗa mini duka, Malam," sai ya zauna a kan turmi ya faɗa. Maganar firigo kawai ya riƙe.

Zalihatu ta miƙe tsaye, zaninta na neman kwancewa.

"Boyi? Ɗiyata? Shekara uku ina soya ƙosai tana karatu don ta je ta kunna wa ƙattai taba? Is'haƙan da uwarsa ke aiko shi gidanmu ɗibar wuta? Wallahi ko gero ya ƙare a duniya..."

"Na ce masa ungozoma ce."

"Sai ya ce mi?"

Tukur ya murza yatsan da ashana ta ƙona.

Hindatu tana zaune a bakin ɗaki da littafinta na makaranta, wanda bangonsa ya fita don yawan buɗewa. Ta rufe shi ta ɗora a cinya.

"Inna, ki zauna."

"Ba zan zauna ba."

"Jiya na raka matar Nuhu mai faci asibiti. Wadda ta karɓi haihuwar ajinmu ɗaya, ni nake yi mata bayani kafin jarrabawa. Ta leƙo ta ce dangi su matsa daga ƙofa, ba ta ma gane ni ba." Ta shafa littafin. "Yamai akwai asibitoci da yawa. In ina can zan riƙa kai takarduna da kaina, in ji labari da wuri. Kuma manyan da ke zuwa gidan, wani zai iya tambaya ta abin da na karanta. Wata shida kawai zan yi. In ban samu ba in dawo."

Tukur ya dube ta. Yana da shekara talatin da bakwai ya sauka a tashar Yamai, ya karɓi aikin gidan Bature da niyyar yin wata shida kawai, kafin ya koyi tuƙi ya samu mota. Bai taɓa gaya wa kowa wannan ba, ko Zalihatu. Yanzu maganar ta zo masa baki. Ya dubi rumbun da ke kusurwar gida, wanda geronsa ya kusa ƙarewa, ya dubi takalman yarinyar da aka ɗinke sau biyu, maganar ta koma.

Zalihatu ta shige ɗaki ta saki labule da ƙarfi. Daga masallacin unguwa aka fara gwada lasifika don kiran magariba. Wata akuya ta leƙo zaure ta koma.

Hindatu ta jawo kujerarta kusa da turmin. Warin hayaƙin yana jikin rigarsa har yanzu, ta ɗan kau da fuska, sannan ta daure ta juyo.

"Baba, in an kawo wa mutum tabar, da wane hannu ake miƙa masa?"



"Da hannu biyu," ya ce. "Kuma ba a kallon idonsa."